Gwanin tantance wuƙaƙen soja: abin da ya gano a nawa, da inda aikinsa ya rage

Yawancin wuƙaƙen da aka ƙera wa sojojin Amurka da na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu ba su ɗauke da shekarar da aka yi su. Sunan kamfani za ka gani, wani lokaci da haruffa uku ko huɗu, shi ke nan. Mai sayarwa ya ce maka ta 1943 ce, kai kuma ba ka da hujjar gaskata shi ko ƙaryata shi, alhali tsakanin ta 1943 da wadda aka yi a 1980 akwai tazarar kuɗi mai yawa, ga su kuma a ido kamar an tsaga kara. Wannan ne ya kai ni wajen wani dattijo da ya daɗe yana dillancin tsofaffin kayan soja, wanda yanzu ya ajiye saye da sayarwa ya tsaya kan tantancewa kawai. Barinsa dillanci shi ne abin da ya fara kwantar mini da hankali, domin wanda ba zai saya a hannunka ba ba shi da dalilin kushe kayanka, wanda kuma ba shi ya sayar maka ba ba shi da dalilin zuzuta su.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Ka aika masa hotuna ta imel, ka biya kuɗin duba kowace wuƙa daban, shi kuma ya dawo maka da rubutaccen bayani. In wuƙar mai tsada ce, ko hoto bai gamsar da shi ba, sai ya ce a aiko ta ya riƙe ta da hannunsa. Kuɗin duba ɗaya bai kai farashin sabuwar wuƙar soja ƙirar KA-BAR ta kanti ba. Amma fa yana da tsauri kan hotuna. Yana son hasken rana, ba na fitila ba. Yana son wuyan wuƙar ta fuska biyu, wato shafaffen wurin nan da ke tsakanin kaifi da makarin hannu, da makarin kansa ta sama da ta ƙasa, da gindin ƙota a miƙe, da bakin kube da bayansa, sannan a ajiye rula kusa da ruwan wuƙar. Hoton da ya fi damuwa da shi shi ne na gindin ƙota, wanda mu masu ɗaukar hoto muka fi mantawa da shi.

Wadda na fi ɗokin jin labarinta ita ce wuƙar da kowa ke kira KA-BAR, wadda a takardun soja sunanta Mark 2. Rundunar Marine ta Amurka ta amince da ita a watan Nuwamba na 1942. Ruwanta inci 7 ne, na ƙarfen 1095, da kwarmi a kowane gefe, ƙotarta kuma faya-fayan fata ne da aka jera aka matse. Wanda ya sayar mini ya rubuta cewa ƙirar kamfanin KA-BAR ce ta farkon yaƙi. Jimlar farko ta bayanin dattijon ta rushe wannan. Tawa ƙirar Camillus ce, kamfanin da ke garin Camillus a jihar New York, kuma ya ce kada hakan ya sa in ji an rage mata daraja, domin Camillus ne ya fara kai wa soja wannan wuƙa, shi ne kuma ya fi kowa ƙera ta a lokacin yaƙin. Kamfanin Union Cutlery na garin Olean shi ne mai tambarin KA-BAR, kuma sai a 1952 ya mayar da tambarin ya zama sunan kamfanin. Robeson da PAL su ma sun yi nasu.

Abin da ya burge ni shi ne yadda ya bi ya kai ga shekara. Bai dogara da sunan ba sam. Ya fara da inda aka buga sunan. Na farko-farko a wuyan wuƙa ake buga musu tambari. Cikin 1944 aka mayar da shi kan makarin hannu, saboda ana ganin bugun tambari yana raunana ruwan wuƙa a daidai inda ya fi ɗaukar nauyi. Tawa wuyanta fes yake, babu ko harafi, rubutun duk yana kan makari, da haruffan U.S.N. da ke nuna ta rundunar sojin ruwa ce. Daga nan ya koma gindin ƙota. Ya bayyana cewa an bi matakai: da farko murfin gindin ɗaure shi ake yi kamar noti, sai aka ga yana kwancewa ko ya karye in soja ya yi guduma da shi. Aka koma mai kauri da ake daddaka jelar ƙarfen a kansa. A ƙarshe aka tsaya kan siriri da ake soke shi da ƙusa ta gefe. Nawa siriri ne mai ƙusa. Kuben kuma ba na fata ba ne, na roba mai tauri ne launin toka, da bakin ƙarfe, irin wanda sojin ruwa suka koma amfani da shi saboda fata ba ta jure gishirin teku. Alamu uku, kowace daga wuri daban, duk sun nuna lokaci guda. Hukuncinsa shi ne tsakanin 1944 da 1945.

Na koma na tambaye shi ko zai iya tsayar da shekara ɗaya. Ya ƙi. Ya ce babu wani abu a jikin wuƙar da ya raba ƙarshen 1944 da farkon 1945, kuma duk wanda ya ba ni wata da shekara a kan irin wannan, zato ya sayar mini. A ganina wannan ƙin shi ne mafi darajar abin da na biya. Kamfanonin nan ba sa zubar da kayan da suka rage don an sauya tsari. In akwai tsofaffin murafu a akwati, sai sun ƙare kafin a buɗe sababbi, shi ya sa ake samun wuƙa mai sabon tambari da tsohon gindi, kuma ta gaskiya ce. Wanda ya san haka ba zai yi saurin yanke rana ba, ba kuma zai yi saurin cewa jabu ba.

Ya ƙara mini da abin da ban tambaya ba, na yadda ake raba ta zamanin yaƙi da ta bayansa. Camillus ya ci gaba da yi wa soja wannan wuƙa a zamanin yaƙin Biyetnam, amma waɗannan ba su da U.S.N. ko U.S.M.C. na rundunar Marine, haruffan U.S. kawai ke bisa sunan kamfanin, kuma cikin shekarun 1970 aka cire N.Y. daga tambarin. Utica da Conetta, daga baya kuma Ontario, duk ƙirar bayan yaƙi ne. Shi kansa kamfanin KA-BAR ya daina yin ta da aka gama yaƙi, sai a shekarun 1970 ya dawo da ita don kasuwa. Na yanzu baƙin fenti mai santsi ke jikin ruwansu, na da kuwa rinin fosfet ne ko shuɗin ƙarfe, mai dishi-dishi, wanda ke goguwa a hankali inda kube ke shafarsa. Camillus ya rufe masana'antarsa a 2007, don haka babu ofishin da za ka rubuta wa ka ce a duba maka rajista. Sai dai irin waɗannan mutane da suka riƙe dubbai a hannunsu.

Ta biyu ita ce ta sa na ga amfanin kuɗina ƙarara, ko da yake labarin bai yi mini daɗi ba. Wuƙar Fairbairn-Sykes ce, siririyar nan mai kaifi biyu ta sojojin kundunbalar Birtaniya. William Fairbairn da Eric Sykes, waɗanda suka yi aiki da 'yan sandan birnin Shanghai, su suka kai tsarinta kamfanin Wilkinson Sword a Landan a watan Nuwamba na 1940. Masu tarawa sun kasa ta gida uku. Samfurin farko, na 1941, makarinsa a lanƙwashe yake kamar harafin S, yana da shafaffen wuya da aka zana sunan wuƙar da na Wilkinson a kai, ƙotarsa ta tagulla mai zanen gicciye-gicciye. Samfuri na biyu, wanda ya biyo baya cikin wannan shekarar, makarinsa a miƙe, kuma babu wuya, kaifin ya tafi har jikin makari. Na uku, wanda ya bazu daga wajen 1943, ƙotarsa zubin tutiya ce mai zobba 27. An yi haka ne don tagulla ta yi wuya kuma ana bukatar wuƙaƙe da yawa cikin sauri.

Tawa ta uku ce, wannan ko ni na sani. Ta zo da wata takarda da aka buga da tafireta, mai cewa wani sojan kundunbala ya riƙe ta a Faransa a 1944. Dattijon ya ce in sake ɗauko masa hoton makarin ta ƙasa, in karkata shi ga haske. A nan aka buga ENGLAND da ƙananan haruffa. Na ga rubutun tun da na saye ta, na ɗauke shi shaidar inganci. Shi kuwa ya ce sojan Birtaniya ba ya bukatar a rubuta masa sunan ƙasarsa a kan wuƙarsa. Dokar Amurka ce, tun ta harajin shigo da kaya ta 1890, ta wajabta a rubuta ƙasar da kaya suka fito. Da aka gama yaƙi, Birtaniya ta sayar wa 'yan kasuwar Amurka rarar wuƙaƙen da ke ɗakunan ajiya, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana buga musu wannan tambari, shi ya sa sau da yawa za ka gan shi a karkace ko rabinsa bai fito ba. Ma'ana, wuƙar da ke da shi ta bi ta hannun ɗan kasuwa bayan 1945, ba cikin jakar soja ta koma gida ba.

Amma bai tsaya a kan rushe takardar ba, nan ne na ƙara ganin adalcinsa. Ya nuna mini wata 'yar lamba da ta ɗan taso a jikin ƙotar kusa da gindi. Lambar tukunyar zubi ce, daga 1 zuwa 4, kuma ana samunta a ƙotocin zamanin yaƙi. Ya nuna kibiyar nan mai faɗin kai da gwamnatin Birtaniya ke buga wa kayanta, tare da alamar jami'in da ya duba. Ya duba notin gindi ya ga ba a taɓa kwance shi ba, domin kan jelar ƙarfen yana nan a daddake yadda aka bar shi, babu sabon tabon filaya. Sai ya yanke cewa ƙirar zamanin yaƙi ce ta gaskiya, wadda aka sayar a matsayin rara. Wuƙar gaskiya ce, takardar ce ba ta da tushe. Ya ba ni shawara in raba su, kada wanda zai gaje ta ko ya saye ta a hannuna ya ci gaba da yaɗa labarin. Na yi hakan.

A kan wannan wuƙa ya yi dogon gargaɗi da ya dace duk mai sha'awar samfurin farko ya ji. Shi ne mafi tsada, don haka shi aka fi yi wa jabu. Akwai masu lanƙwasa makarin samfuri na biyu, akwai masu zana sunan Wilkinson da ruwan asid a kan sabuwar wuƙa, su bar ta ta yi tsatsa. Ya ce tsufa na gaskiya ba ya zuwa bai ɗaya. Inda hannu ke riƙewa ya fi gogewa, tsini ya fi cinyewa, cikin ramukan zane ya fi tara datti. Wuƙar da ta tsufa daidai wa daida tun daga tsini har gindi, hannun mutum ne ya tsufar da ita. A kan samfurin farko ba ya ba da hukunci ta hoto ko nawa za ka biya, kuma na yarda da shi a nan.

Ta uku M3 ce, wuƙar da sojin ƙasa na Amurka suka amince da ita a watan Maris na 1943, mai ruwa inci 6 da kashi uku cikin huɗu, da makari mai lanƙwasa a gefe ɗaya don ɗora babban yatsa. Kamfanoni tara suka yi ta, aka ƙera sama da miliyan biyu da rabi kafin a dakatar a 1944, lokacin da bayonetin M4, wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga, ya maye gurbinta. Ita tsarin tambarinta a fili yake: na farko a jikin ruwa tare da shekarar 1943, sai a jikin ruwa babu shekara, sai a kan makari. Tawa ta Imperial ce mai tambari a makari, wato cikin na ƙarshe-ƙarshe, kuma cikin waɗanda suka fi yawa. Bai ɓata lokaci a kanta ba. Abin da ya tsaya a kai shi ne kuben. M3 ta fara fita da kuben fata na M6, sannan na roba M8, sannan M8A1 mai ƙugiyar waya ta rataya a ɗamara. Nawa M8A1 ne, amma da ƙarfe a tsininsa, wanda ƙari ne na bayan yaƙi. Ya ce haɗi ne, kuma ba lallai da mugun nufi ba, domin soja da kansu sun yi ta musanya kube shekara da shekaru. Sai dai in za a sa mata farashi, a sa wa wuƙa nata a sa wa kube nasa.

Akwai ta huɗu da bai karɓi kuɗinta ba: wuƙar matuƙan jiragen yaƙi mai inci 5, mai haƙoran zarto a baya da dutsen wasawa a aljihun kube. Ya ce in juya gindinta mai kusurwa shida in karanta da kaina, domin tun 1967 ake buga wata da shekara a wurin. Ya mayar mini da kuɗin ba tare da na roƙa ba.

To, sai inda aikin ya rage, kuma ba ƙaramin ragi ba ne.

Bayaninsa rubutu ne zalla. Mutum ya biya kuɗi don a nuna masa lambar zubi ko tabon noti, ya kamata a dawo masa da hotonsa da aka zagaye wurin. Shi sai ya rubuta "dubi gefen hagu na ƙota ƙasa da zobe na ƙarshe", kai kuma ka yi ta juya wuƙa da gilashin ƙara girma. Wanda ya daɗe a harkar zai gane, sabon shiga zai wahala. Ba ya kuma kawo hoton wata wuƙa da aka tabbatar don ka kwatanta, alhali a harkar tambari kwatance shi ne komai: kaurin harafi, tazarar da ke tsakanin haruffa, zurfin bugu. In kana son ka koya ne, ba hukunci kawai kake so ba, za ka ji an bar ka a rabin hanya.

Yana da jinkiri. Shi kaɗai ne, ba shi da mataimaki, kuma ba ya gaya maka ranar da zai gama. In wuƙar tana gaban gwanjo ne ana ƙirga sa'o'i, amsarsa za ta iya zuwa bayan an buga ƙararrawa. Aikinsa ya fi dacewa da abin da ke hannunka, ko wanda mai sayarwa ya yarda ya jira, ko ya yarda ka dawo da shi in an gano matsala.

Ba ya faɗin farashi. Zai ce maka wannan tana da yawa a kasuwa, wannan ba a cika samunta ba, amma ba zai sa dala ko fam a kai ba. Na fahimci dalilinsa, kasuwa tana hawa tana sauka. Duk da haka wanda ke son inshora ko rabon gado adadi yake bukata, kuma dole ya sake neman wani ya sake biya. Da ya faɗi haka tun kafin a biya shi da ya fi.

Iliminsa kuma yana da iyaka, ko da yake shi da kansa yake faɗa. A kan na Amurka da na Birtaniya daga 1940 zuwa zamanin Biyetnam, ban ga na biyunsa ba cikin waɗanda na yi hulɗa da su. Da na ambaci wuƙaƙen ramukan yaƙi na Jamus na Yaƙin Duniya na Ɗaya, irin ƙirar Solingen, sai ya ce ba fagensa ba ne, in nemi wani. Ban ɗauki wannan aibi ba, amma mai tara na ƙasashe daban-daban ya san cewa gwani ɗaya ba zai ishe shi ba.

Abu na ƙarshe ba laifinsa ba ne, iyakar hoto ce. Ƙotar fata da aka sake jerawa da sababbin faya-fayai aka rina ta, hoto ba ya cika tona ta. A hannu ne ake jin warin sabon jima, a ji ko makari yana ɗan motsi, domin tsohuwar fata tana bushewa ta tsuke. A bayanin Mark 2 tawa ya rubuta a fili cewa hukuncinsa kan ƙotar na hoto ne, bai taɓa ta ba. Wanda zai kashe kuɗi mai nauyi, a kan V-42 ta kamfanin Case misali, wadda 'yan dubbai kaɗan aka yi wa rundunar haɗin gwiwar Amurka da Kanada, kada ya tsaya kan hoto. Ya aika ta, in dokar ƙasarsa da ta kamfanin aika kaya sun yarda, domin wuƙa mai kaifi biyu ba ko'ina ake barin ta ta ƙetare iyaka ba.

Zan sake ba shi aiki, amma ba a kan kowace wuƙa ba. Wadda ke ɗauke da shekararta a gindi irin ta matuƙan jirgi, ko mai lambar jeri irin Gerber Mark II da ake iya bin lambar a gano lokacinta, ba ta bukatarsa. Mark 2 mai tambari a wuya, M3 mai shekarar 1943 a jikin ruwa, wadda 'yan jabu ke son ƙara wa shekara, da kowace Fairbairn-Sykes da aka ce ta farko ko ta biyu ce, waɗannan ba zan biya kuɗinsu ba sai ya gani. In kai ma za ka aika masa, kada ka goge wuƙar da sanfefa ko burushin waya, kada ka wasa ta, kada ka shafa wa fatar mai don ta yi kyau a hoto. Ya gaya mini cewa yakan ƙi duba waɗanda aka yi wa haka, saboda rinin asali da layukan dutsen masana'anta da zai karanta sun riga sun tafi. Busasshen ƙyalle ya isa.